Ranar da Wuƙar Ɗan Tauri Ta Bi Ƙanena

Ƙanena ya yi irin karatun da ni ko sunansa ban iya faɗa ba. Duk hutun da ya zo Birnin Kudu sai ya tsare ni a zaure da bayani. Wai akwai wasu ƙarafa da in an sanyaya su, sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, ƙwayoyin lantarkin da ke yawo a cikinsu sai su yi nauyi. Kowace ƙwaya juyi take kamar katantanwa, juyin ne ke mai da ita ɗan mitsitsin maganaɗisu, in ta sarƙe da na kusa da ita sai tafiya ta yi mata wuya. Nakan ce, "To Malam, ana tuwo da shi?" Ya yi dariya ya ci gaba. Ina alfahari da yaron nan, bakina ne dai ba ya iya faɗa.

Wata ranar kasuwar Gwaram na goya shi a babur. A aljihunsa akwai guntun maganaɗisu da zai nuna wa ɗaliban abokinsa. Bai kai ƙwallon goruba ba, amma in ya kama ƙarfe sai ka sa hannu biyu.

Muka tarar da ƴan tauri ana ta kiɗa. Wani ƙato yana goga wuƙa a cikinsa, ko ƙwarzane babu. Ƙanena da shegen son ganin ƙwaƙwaf ya kutsa har gaba. Ƙaton ya zo wucewa, sai wata ƴar wuƙa da ke rataye a ƙugunsa ta yi tsalle ta manne a aljihun ƙanena. Ƙaton ya fizge ta da ƙyar, ya zuba wa ƙanena ido, ya ja ta a nasa damtsen don ya gwada. Jini ya yi tsartuwa.

Ƙaton ya kurma ihu, "Ya karya mini tauri!"

Jama'a suka yo kan ƙanena, gorar farko a ka ta same shi. Ya faɗi, ya zaro maganaɗisun yana so ya yi bayani, aka take hannun har na ji ƙarar ƙashi. Wani ya fasa masa baki da dutse. Da na ji ana cewa a kawo fetur, na san in ban yi wani abu ba gawa zan kai wa Inna. Na faɗa kansa, gora na sauka a gadon bayana, na kwarma ihu.

"Mahaukaci ne! Ƙanena ne, boko ya taɓa masa kai! Ku tambaye shi, cewa yake akwai abubuwan da ke juyi a cikin ƙarfe, wai in sun ji sanyi sai su yi nauyi!"

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Wani dattijo mai sayar da dawa ya daka tsawa ya ce, "Ku ƙyale shi, an ɗauke wa mahaukaci alƙalami." Suka watse suna Allah ya sawwaƙe.

Na ɗaure shi a bayana da rawani don kada ya faɗo, muka nufi asibiti. Jininsa ya jiƙa mini riga sharkaf. Muka yi nisa a hanya. Can sai na ji bakinsa a kunnena, maganar na fita da ƙyar ta tsakanin fasassun haƙora.

"Yaya, dama haka kake jin maganata?"