Kafaɗar Ok-hui

Na tsufa ina cuɗa bayan mata a gidan wankan unguwarmu, bayan kasuwar kifi ta Tongyeong. Mace takan yi ƙarya da baki, ta yi da tufa, amma in ta kwanta tsirara a kan teburina sai gaskiya. Na san wadda aka yi wa tiyata ta ce ziyara ta je Seoul. Na san wadda ta rina gashin kai ta manta da saura.

Pyo Ok-hui tun tana budurwa nake cuɗa ta, kuma ban taɓa gamawa a tsanake ba. Ina kan ƙafar dama tana tambayar ta hagu. Busasshen kifi take sayarwa, ƙananan nan na miya, ta ɗaure kwalaye a bayan babur ta ratsa kasuwa kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Haihuwar 'yarta Da-som ce ta karya ta. Ta zubar da jini sosai, aka ceto ta, amma matar da ta dawo gida ba ita ba ce. Nono bai zo ba. Tumbi ya fito, damatsa suka saki kamar taliyar da ta kwana a romo. Kwali ɗaya in ta ɗaga sai ta zauna tana haki. An daɗe kafin likitoci su gano cewa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita ke ba jiki umarni, kuma zubar jinin ya kashe tsokar. Suka ba ta ƙwayoyi, amma abu ɗaya sai da allura, kullum, a fatar ciki. Sinadarin girma, in ji su.

Na ce, "Ke da shekara arba'in da ɗoriya, girman me kuma? Rufin ɗaki za ki taɓo?"

"Ba tsawo ba ne, Inna. Ƙarfin nama ne da ƙashi."

Matar da ke farke cikin kifi ba ƙiftawa, allura ta gagare ta. Takan zauna riƙe da ita, ta ajiye, ta share ɗaki, ta dawo, ta ajiye. Ta yi yau, ta tsallake gobe da jibi. Jiki ya ƙi tashi, zuciya ta ƙi zama. Ko a teburina yatsun ƙafarta ba sa daina motsi.

Bara sai wani asibiti a Busan ya nemi masu irin ciwonta don gwajin wata filasta. A manna a kafaɗa, maganin ya ratsa fata da kansa, ba allura. Suka ɗauke ta, da sharaɗi: ba jiƙa jiki a ruwan zafi, ba cuɗa, domin fatar da aka goge ba ta shan magani daidai da sauran. Wanda ya saɓa, a cire shi ya koma wa allurarsa.

Ta daina shigowa. Takan tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi tururi, ta sayi madara mai sanyi, ta shanye a tsaye.

Na ce, "Maman Da-som, dauɗar bayanki ta kusa isa a shuka albasa."

"In ta tsiro zan kawo miki, Inna."

Ko maganin ne, ko murnar rabuwa da allura, oho. Ni dai na sake jin ƙarar baburinta a kasuwa.

Surukarta, tsohuwa Yeom, ba ta san komai ba. Ɗanta, mijin Ok-hui, wanda ke aiki a jirgin ruwa, ya ce kada a tayar mata da hankali. Tsohuwar ta haura tamanin, ta ƙare rayuwarta tana ɗinke ragar masunta, kunne ya tafi, baki yana nan. A wurinta ciwon Ok-hui sunansa lalaci, kuma ta faɗa wa duk mai kunne.

Jajiberin sabuwar shekara kowa sai ya yi wanka, ba mai shiga sabuwa da tsohuwar dauɗa. Gidan wanka ya cika, ba wurin ajiye kwano. Wa zai bar tsohuwa ta taka jiƙaƙƙen daɓe ita kaɗai? Ok-hui ta kawo ta. Ta raɗa mini cewa ba za ta shiga kwarmin ruwan zafi ba, za ta wanke Mama kawai su fita. Ta zaunar da ita, ta cuɗa ta tas, tana kare kafaɗarta daga feshin ruwa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sai tsohuwar ta sa hannu a koren soso ta ce, "Juyo."

Haka ake yi. Ka cuɗa ni, in cuɗa ka, kuma babba in ya miƙo soso ba a ce masa a'a.

"Mama, ki bari, na yi wanka a gida."

"Me?"

"Na yi a gida."

"Na ga irin wankan. Juyo, kada ki kunyata ni gobe wurin gaisuwar kakanni."

Ina can riƙe da ƙafar matar mai kantin magani na hango. Tsohuwar ta ga filastar, ta taɓe baki. A unguwarmu kowace tsohuwa manne take da filastar ciwon jiki kamar tsohuwar taya.

"Wannan 'yar mitsitsiyar me za ta yi miki? Ko yaji ba ta da shi."

Na ɗaga murya, "Yaya, bar wannan kafaɗar." Ƙarar ruwa ta cinye maganar. Ok-hui ta dube ni ta girgiza kai. Tsohuwar ta ɓare filastar ta jefa a magudana, ta dirje wurin har ya yi ja kamar kimchi, kabejinmu mai barkono, tana nuna wa maƙwabciya abin da ke fitowa. A ɗakin sa kaya ta zaro tata mai yaji daga jaka ta manna mata, ta buga da tafin hannu.

Daga baya na tambayi Ok-hui me ya ɗaure mata baki.

"Gaban duk unguwa zan riƙe mata hannu? Kuma Inna, sau ɗaya take taɓa ni a shekara."

Hutun biki ofishin gwajin a rufe yake. Ok-hui ta soya abin da ake soyawa, ta yi sujadar gaisuwa, ta raba miyar wainar shinkafa, tsakanin kowane aiki tana shiga makewayi ta duba kafaɗa a madubi. Ta zo wurina a tsaye, ta ƙi cire takalmi.

"Me ke kashe ja a fata?"

"Lokaci."

"Ba ni da shi. In na manna sabuwa a ɗaya kafaɗar na yi shiru fa?"

"Su da ke ɗibar jininki kamar sauro? Yi shirun mu gani."

Ranar da aka buɗe ta tafi tasha, ta hau motar Busan, ta sauka kafin ta tashi, ta zaga, ta hau ta gaba. Likitar, wata yarinya mai ladabi, ta ɗaga rigar ta duba kafaɗun biyu. Ok-hui ba ta jira tambaya ba ta zazzage labarin. Likitar ta ce ta gode da gaskiyar, amma awon da za a samu daga jikinta ya gurɓata, ba za su iya ci gaba da ita ba. In an buɗe wani zagaye za su kira.

Ta dawo da jakar allurai.

Ba ni ce ɗan tsohuwa Yeom ba, ba wanda ya sa ni alkawari. Da ta zo wanka na kwantar da ita, na sa baki a kunnenta na faɗa mata komai, tun daga jinin haihuwa har filastar da ta bi magudana. Da irin kunnenta, har masu wanka a ɓangaren maza sun ji. Ta yi shiru har na gama bayanta. Ban taɓa jin ta yi shiru ba, sai na duba ko tana numfashi.

Ta ce, "Allura ce duk matsalar?"

Washegari da safe ta sa tabarau ta shiga ɗakin Ok-hui ba sallama, ta ɗauki allurar. Ba ta nemi gafara ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Ɗaga riga, dubi bango." Ok-hui ta ce kafin ta zaɓi inda za ta duba an gama.

Yanzu ta dawo teburina. Tabon allura a cikinta a jere suke reras, tazara ɗaya, kamar ɗinkin raga. Har yanzu gumi take yi kowace safiya, har yanzu tsohuwar na ce mata raguwa. Wayarta tana cikin leda kusa da kanta, ko asibiti za su kira. Ko wayar wata ce ta yi ƙara sai ta zabura da kumfa a jiki.

"Kwanta, ban gama ba."

"Inna, ki bar kafaɗun nan. In sun kira gobe fa?"

Na bar mata su, na koma ƙafa. Tana tambayata ta hagu.