Magen da na ɗauko a Rimaye

Shekarar da na haifi yaron da bai zo da rai ba, ɓeraye suka dame mu a gidanmu na Kankia. Sun huda buhunan dawa, sun ci gefen tabarmar sallata. Ina ganinsu da rana tsaka suna wucewa ta bakin murhu, ko tsawa ba na yi masu. A lokacin ina girki, ina shara, ina salla a kan lokaci, amma duk kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Maigidana ya ce in shirya in je Rimaye wurin gwaggonsa in karɓo mage. Ina jin so yake in fita in sha iska. Gwaggo tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai, kuma kowa ya san duk magen da aka gaji da ita, a buhu ake sa ta a ajiye mata a zaure. Ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Da ɗumame take ciyar da su, wani lokaci matan Fulani su zuba mata ragowar nono.

"Ga 'yan yara nan, ɗiyata, zaɓi mai ƙafa," in ji ta. "Waccan ja ɗin ko ƙadangare ba ta bari."

Na zauna a tabarma ina kallonsu suna tsalle. Sai wata tsohuwar mage, baƙa, ido ɗaya ya yi fari, ta taho a hankali ta kwanta a kan gefen zanena. Ba ta dube ni ba. Muka daɗe a haka.

"Wannan zan ɗauka, Gwaggo."

"Wannan mussar? Sa'ata ce fa. Haƙori biyu gare ta, ni uku."

Na ce na ji. Ta dube ni, ta ɗauko mani kwali.

Da maigida ya buɗe kwalin sai ya ce, "Na aike ki neman mai gadi, kin kawo mani wadda za a yi wa jinya." Ni ma ban san dalili ba.

Ba ta iya tauna komai. Sai na jiƙa tuwo da nono na dama mata a murfin kwano. Saboda ita na koma leƙa ƙofa in na ji mai nono, har mu gaisa. In na idar da salla magen takan zo ta kwanta inda goshina ya taɓa. Ɓeraye kuwa ta gabanta suke bi. Da suka ɓarnatar da irin gyaɗar da maigida ya ajiye don damina, ya ce ran kasuwa zai mayar da ita ya karɓo ja ɗin. Biyu ba za su zauna ba, ƙaramar za ta hana ta ci. Na ce to.

Ranar da safe ni na kakkaɓe wani buhu, na sa ta ciki, na ɗaure bakin sako-sako. Ya ɗauka zai ɗora a bayan babur, sai ya tsaya yana jinjina shi a hannu.

"Ko motsi ba ta yi."

"Haka take," na ce.

"Ke kuma ba za ki ce komai ba?"

"Me zan ce, Malam?"

Ya daɗe yana kallona. Can ya ajiye buhun, ya kwance igiyar da kansa, ya tada babur ya tafi. Ba ta fito nan da nan ba. Sai da rana ta iso wurin sannan ta jawo jiki ta kwanta a kan buhun.

Da la'asar ya dawo da tarko da ɗan siminti a leda, ya durƙusa yana toshe ramukan ɗakin hatsi. Na so in ji daɗi, na tsaya na saurari kaina, ban ji komai ba tukuna. Na ce alhamdu lillahi, na kai masa ruwan kwaɓa simintin.