Na Je Kaduna Yin Fitsari, Ya Ƙi Zuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙofar Gayan, ni da ƙanina. Ban gaya wa kowa a masallaci inda za ni ba. Me zan ce? Za ni Kaduna yin fitsari? To amma gaskiyar ke nan. Na daɗe fitsari na damuna, ina yawan tashi, in na gama kuma sai in ji kamar da saura. Likitan da ke duba ni a nan Zariya ya ce ba su da injin da ke auna ƙarfin fitarsa, sai in je wani asibiti a Kaduna. Ya kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in injin ya nuna hanya ta toshe, roba za a sa mini kafin a yi maganar tiyata.

Na san robar nan. Wanmu ya ɗauke ta kafin ya rasu, da jakar fitsari ɗaure a cinya cikin wando. Mutumin da bai taɓa barin sahun gaba ba ya koma sallah a ɗaki. Da hotonsa a kaina na shiga mota.

Keke ya kai mu tasha. Kuɗin mota ya sake tashi, direba kuma bai ko kalle ni ba da na yi magana, fetur kawai ya ce. An cusa mu huɗu a baya, ni a tsakiya, kusa da wani mai buhun barkono a cinya. An ce in sha ruwa da yawa in riƙe, don haka ƙanina ya sayo ruwan leda ya yi ta miƙo mini kamar mai ban ruwan albasa. Shi kuwa koko da ƙosai ya zauna ya ci a gabana, ƙosan ma sun ƙanƙance, kamar ƙwallon goruba.

Hanyar nan an ce an gyara ta. Wani wajen lafiya lau, wani wajen kuma a karkatar da ku hannu ɗaya da tireloli. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a mara. Kafin Jaji na fara gumi. A Mararraba masu rake da masu balangu suka yanyame motar, har da mai ruwan sanyi yana kaɗa mini leda a fuska. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, amma don Allah ya matsa can.

Mun isa asibitin da hantsi, na cika fam. Aka karɓi kati aka ce mu zauna. Bencin cike da maza tsarana da waɗanda suka girme ni, kowa ya matse ƙafa, ba mai kallon wani. Wani dattijo daga ƙauye ya tambaye ni a hankali ko da allura ake yi. Na ce ban sani ba, Baba. Ba wanda ya yi mana bayanin komai. Mun zauna har rana ta take.

Da aka kira ni, wata nas ce, yarinya sa'ar 'yata ta fari. Ta tura wata ƙofar falanki ta nuna mini wani mazurari a kan ƙarfe, tsayinsa ya kai cinyata, da waya ta bi ta ƙarƙashin bango.

"Baba, ka tsaya a nan ka yi a ciki, kamar yadda ka saba. Ka yi sauri, akwai mutane."

Kamar yadda na saba. Ni tun da na yi wayo ban taɓa fitsari a tsaye ba. Da bulala aka koya mana tsugunno, da buta a hannu, kar ɗigo ya taɓa tufa. A ɗakin nan babu buta, babu wurin tsugunno, ƙofar ma ba sakata. Ina jin tarin mutanen benci, ina jin takalmin yarinyar, na kuma san in na fara su ma za su ji ni. Na tattare riga na riƙe da haɓa na tsaya.

Shiru. Marar da ta kusa fashewa a mota ta kulle kamar an sa mata kwaɗo. Na yi nishi, na rufe ido, sai wanmu nake gani da jakarsa. Ina tuna cewa ɗigon nan shi zai yanke mini hukunci, sai abin ya ƙara ɗaurewa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, wai Baba ka gama? Da ƙyar na matso wani ɗan abu, ɗis, ɗis, ya tsaya, ya sake ɗis. Rabi ma a wandona ya sauka. Injin ya turo takarda ta can waje.

Likitan da aka kai ni wurinsa saurayi ne, ya dubi takardar ya daɗe bai dube ni ba. Ya ce wannan ya yi rauni ƙwarai, gara a sa roba yau. Nan na manta da kunya.

"Likita, abin nan ba fitsarina ya auna ba. Ni a tsugune nake yi. Ka tsayar da ni kamar doki, da mace a bakin ƙofa, me kake so ya fito?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce gaskiya ne, tsoro da rashin sabo na hana mutum saki, har takarda ta nuna abin ya fi yadda yake. Ya ce da akwai kujerar da ake ɗora wa injin don masu zama, amma ta karye. Na ce tun yaushe? Ya sake duba takardar. Shawararsa ita ce in koma gida in riƙa gwada yi a tsaye har jikina ya saba, in dawo a sake. In ta sake fitowa haka, ba sauran magana, roba ce.

A hanyar dawowa, mun wuce Birnin Yero kaɗan na ce wa direba ya tsaya ko in ɓata masa kujera. Ya tsaya yana ƙunƙuni. Na karɓi ledar ruwa, na zaga bayan wata gonar masara, na tsuguna. Jama'a, kamar an fasa tulu. Ba zan ce lafiyata ƙalau ba, na san da ciwo a jikina, amma wanda ke yin wannan ba shi ne na cikin takardar nan ba. Ba inji a wurin, ba likita, sai wata akuya. Da na dawo mota ƙanina ya ce da mun sani da gonar muka kai wa likita. Ban yi dariya ba.

Bayan la'asar muka shigo Ƙofar Gayan. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, an sayo inji daga ƙasar masu yi a tsaye, an ajiye shi a ƙasar masu tsugunno, kuma ba wanda ya ga ya kamata ya tambayi mara lafiya yadda yake yi a gidansa. Su ba su gyara kujera ba, ni aka ce in gyaru.

Yanzu haka nake. Da furfurata, nakan shiga bayi in ja ƙyaure, in tsaya ina koyon abin da aka dake ni a kansa ina yaro, don kar in rasa sahu a masallaci. Kafin kowace sallah sai na sauya wando. Jiya mai ɗakina tana shanya ta tambaye ni me ya sa wankina ya yi yawa haka. Na ce mata aikin asibiti ne.