Baba Lawali ya tafi, takardar gonar Gwaggo ba ta fito ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tsakiyar aji da safen nan, alli a hannu, waya ta dame ni a aljihu. Na fita na ɗauka. Ɗansa ne, wai Baba Lawali Tafinta ya rasu bayan sallar asuba a gidansa nan Agiye.

Na koma aji na kasa tuna abin da nake rubutawa a allo. Na sallami yara.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shekara da shekaru shi ne tafinta a jastis, wato kotu, yana tsaye tsakanin alƙali mai Faransanci da baƙauyen da tsoro ya cika. Da ya bar aiki sai ya kafa benci a ƙofar shagon ƙanensa, bakin kasuwa. Ba lauya ba ne, kuma shi ne zai fara gaya maka haka. Amma duk wanda takardar gwamnati ta hana shi sukuni, a kan bencin nan yake ƙarewa. Har daga Cadakori ana bugo masa waya.

A gabana wani bawan Allah ya zo da kombokasiyo ta jandarma, sammaci ke nan, ya riga ya ɗaure kayansa zai tsallaka iyaka wajen dangi. Baba ya sa tabarau ya karanta, ya dube shi.

"Kai, zamna ka sha ruwa. Shaida anka kira ka, ba kai ka saci saniyar ba. In ka gudu kuwa, kai ka maishe da kanka ɓarawo."

Mutumin ya zauna ya yi ta dariya har da hawaye.

Wata mata kuma za a hana ɗiyarta jarrabawa don ba ta da takardar haihuwa. Bai tsaya ga bayani ba, ya ɗauki sandarsa ya raka ta da ƙafa har ƙofar buro, ofishin da ya kamata, cikin ranar nan tamu.

In bai san abu ba sai ya ce bai sani ba, a dawo jibi zai tambayo. Wannan kaɗai ya raba shi da lauyoyin Fesbuk da suka cika mana kwamen.

Amma fa yana da faɗa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutum ya dangwala yatsa a takarda, sannan ya kawo masa ya karanta. "Kun sha magani kun zo tambayar sunanshi," haka yake cewa, yana buga sanda a ƙasa.

Tun ɗazu nake ganin hotonsa a status ɗin mutane, kowa babban rashi, babban rashi. Wallahi haushi nake ji. Rabin masu sa hoton nan ya ba su shawara sun ce to, sun fita sun yi abin da suka ga dama.

Kuma kafin wani ya tuna mini, ni ne na farkonsu.

Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tsahara, tana da gona guda a ƙauyenmu can wajen Gazawa. Ita ce rabonta na gado, kuma da ita take ci da marayu uku. Tun mijinta na da rai aka ba maƙwabcinsu, tsoho Nomau, aron rabinta. Kowace kaka yana kawo dami ɗaya na hatsi, shaidar cewa aro ne. Da tsufa ya kama shi Gwaggo ta ji tausayi ta ce ya bar kawowa. Alheri ta yi, ba ta san shaidarta ta goge da hannunta ba.

Bara Ilu, ɗan Nomau, ya dawo daga ci-rani ya ce gonar ubansa ce, tun yana yaro su ke noma ta. Aka je gaban sarki. Tsoho Nomau, Allah ya saka masa, ya buɗe baki gaban jama'a ya ce aro ne. Sarki ya ce a mayar wa Gwaggo bayan girbi. Aka yi fatiha, aka watse, kowa na murna.

Na zo bencin Baba da fara'ata ina ba shi labari. Bai ko yi murmushi ba.

"Mushe, ina takardar sulhu?" Haka yake kirana, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

Na ce wace takarda kuma, ai sarki ya yi magana gaban kowa.

Ya ce doka ta ba sarki ikon sasanta mutane, amma sai an rubuta abin da aka sasanta, ɓangarorin biyu sun sa hannu, an buga hatimi. In babu wannan, ranar da rigima ta tashi alƙali ba shi da abin dubawa sai bakin mutane. "Bakin mutane kuwa shina tsufa, shina mutuwa, wani ma shina juyawa."

Na gane sarai. Faransancin da ke cikin dokar ma na fi shi iya karantawa, ni da ke koyar da shi a lakol. Amma ku ƴan garinmu ku gaya mini, wa zai koma fada bayan an yi fatiha ya ce ranka ya daɗe a ba ni a rubuce? Ai kamar ka ce ba ka yarda da maganar sarki ba ne. Gwaggo ma da na taɓa mata zancen sai ta kama baki ta ce kada in ja mata abin faɗe.

Baba ya ce ba komai, shi zai je da ni. Ya san yadda ake roƙon takarda a fada ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Zai ce don jikoki ne, don kada a wahalar da sarki gaba. Abin da ya nema kawai in ɗauke shi a moto, babur ɗina, ƙafarsa ba ta son taksin daji.

Na ce bayan girbi. Girbi ya wuce na ce bayan jarrabawar yara. Sai azumi, sai Salla. Kullum da dalilina mai kyau, amma gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina ganin Baba na nan.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi na ƙarshe. Na so in wuce ta bayan masu tumatir, ya hango ni.

"Mushe! Taho nan, kak ka ɓoye."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame, amma muryar na nan. Ya ce wani ɗan ƙauyenmu ya gaya masa Ilu ya fara kai taki gonar da amalanken jaki, kuma tsoho Nomau ya kwanta ciwo.

"Wanda ya kai taki shuka zai yi. In ruwa ya sauka ya shuka, kun shiga wata shekara. In Nomau ya tahi, wa ag gare ku? Mu tahi gobe."

Na ce gobe akwai taron malamai, mu bari sai Alhamis mai zuwa.

Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Ya ciro goro ya ɓare ya ba ni rabi.

Yau Laraba.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Da na dawo na kira Gwaggo na gaya mata. Ta yi salati, ta yi kuka, don sau ɗaya ta taɓa ganinsa amma ta san a kansa muka dogara. Da ta natsu sai ta ce hadari ya fara haɗuwa gabas, Ilu kuma jiya ya kai amalanke na shida.

"Yanzu wa za shi shiga gaban sarki?"

Na ce ni.

Ta ce, "Kai, Sabi'u? Wata bakwai kana da mai rakiya ba ka zo ba."

Na zuba wa moto mai, gobe da sassafe zan kama hanya ni kaɗai. Ban san yadda zan fara maganar a fada ba, kuma ban sani ba ko tsoho Nomau na da sauran ƙarfin ɗaga yatsa ya dangwala a takarda.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Lawali. Yadda ya tsaya wa masu tsoro a gaban alƙalan duniya bai nemi ko sisi ba, ka sauƙaƙa masa tasa tsayuwar, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka tsaya ga danna hoton kuka. Ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinka, ka roƙa wa tsoho Nomau lafiya, Allah ya sa in same shi da hankalinsa gobe.