Takardar da ta ce Baba ya gudu

Jiya a unguwarmu ta Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, wata maƙwabciya ta kira 'yata "jikar mai gudun yaƙi", sai surukina marigayi ya faɗo mini a rai. Takardar sallamarsa daga soja ta ce ya gudu a yaƙin Bama, alhali tsayawa ya yi ya binne abokinsa. Duk hajji yakan ba alhazan gida wasiƙa su kai wa hukumar soja a gyara takardar. Wata rana na kawo masa shayi mai na'ana'a, ya ce, "'Yar nan, in bar Musulmi namun daji su ci?" Har Baba ya rasu azzaluman ko amsa ba su aiko ba. Allah Ka haskaka kabarinsa, Ka wanke sunansa tun yarinyar nan ba ta yi wayo ba.