Gurbin Maccido a Sahun Gaba

A Marnona, duk mai sallah a masallacin unguwarsu ya san gurbin Maccido: sahun gaba, daidai bayan liman. Manomin albasa ne, karatunsa bai wuce na sallah ba. Amma tun yana saurayi ya kama wurin nan, ko daga fadama ya taso sai ya riga kowa. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta. Gurbin nan ne abin taƙamarsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Da ya haura sittin, fitsari ya fara yi masa gardama. In ya tsuguna ya ƙi fita, in ya miƙe ya ɗiga. Mutumin da ke kai alwalar azahar har la'asar, sai ga shi yana tsoron ruku'u. Wata rana ana tsakiyar sallah ya ji ɗumi a cinyarsa, ga jama'a cike a bayansa, ba hanyar fita. Washegari ya koma sahu na biyu. Kafin a cire albasa ya kai bakin ƙofa, wajen takalma.

Mutanen gari, da ba sa rasa fassara, suka ce ai saɓani ne da liman. Har dattawa suka zauna sulhu. Liman Mu'azu, bawan Allah, ya ba da haƙuri a kan laifin da bai sani ba, Maccido ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Ya gwammace a ce masa mai riƙo da a san halin da wandonsa ke ciki. Matarsa Mero ita ke wanki, ta sani sarai, amma bakinta ya yi nauyi, sai dai ta yi ta dafa masa saiwoyi.

A shekarar ne ma'aikatan lafiya suka zo Wurno, garin da ke kusa da su, suna gwada maza masu shekaru. Badaru, ɗan maƙwabcinsa da ke aiki da su, ya zo ya durƙusa ya ce, Baba, jini kaɗan za a ɗiba a hannu, in an ga alamar ciwo da wuri ana iya tare shi. Har ya ce zai kai shi a babur. Maccido ya dubi yaron nan da aka raɗa wa suna a gabansa, ya hango tambayoyin da za su biyo baya.

"Lahiyata lau, Badaru. Mi za a gwada ga mai noma?"

Nan ne abin ya fi ban takaici, don a lokacin ƙafarsa na kai shi ko'ina. Aka yi damina, aka sake wata. Ƙugu ya riƙe, dashen albasa ya gagara, daga baya fitsarin ya tsaya cak. A Sakkwato likita ya ce ciwon daji ne a ƙarƙashin mafitsara, ya riga ya shiga ƙashi. Ya tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Maccido ya ce tun yana sahun gaba.

Da aka dawo da shi gida liman ya zo dubiya, a nan Maccido ya faɗa masa komai. Idon liman ya kawo ruwa, ya ce:

"Da ka hwaɗa min, Maccido. Mai wagga lalura an yi mai sauƙi. Tsarki za ka yi, ka yi alwala, ka tsaya wurinka."

Maccido ya juya fuska bango. Can ya ce, "Wa ka tsayi wurin yanzu?"

Liman ya ce kowa nauyin wurin yake ji, sai an tura mutum kafin ya shiga. Maccido ya ce to a aje masa, in ya ji dama-dama zai zo ranar Juma'a.

Ranar Alhamis da la'asar aka kawo shi ƙofar masallaci a cikin makara. Aka ajiye shi a gaban liman, unguwa duka ta yi sahu a bayansa.