Kaskon Tsuntsayena a Luggere

Waɗanda ke tsakar gidana ranar nan su ne: ni, da babban ɗana wanda bakina ba ya kama sunansa, da matarsa, da matar ƙanena da ta iso mana daga Mubi da ƙafa, da 'yarta mai goyo. Sai direban da ɗana ya ɗauko, yana tsaye a bakin zaure yana kaɗa makulli a yatsa. Yara an kora su ɗaki. Abin da ya tara mutanen nan kuwa, ni za a saka a mota a kai Jalingo.

Shekarar da mutanen daji suka shiga Mubi ce. Jimeta ta cika da baƙi, makaranta da masallaci da kangon gini duk akwai mai kwana a ciki, su kuma 'yan gari masu hali suna ɗaure kaya. Kullum sai a ce gobe mutanen dajin za su tsallako gadar kogin da ke bakin gari. Ɗana ma'aikacin ofis ne, yana zaune a unguwar Shagari Low Cost, kunnensa kullum manne da waya, kuma duk abin da wayar ta faɗa masa sai ya kawo mini shi da zafinsa.

Ni tun takabar maigidana nake ciyar da tsuntsaye. Wata huɗu da kwana goma ba fita, sai na sami wani fasasshen kasko na ɗora a kan gwafa, a gindin gwaibar da ke bayan ɗakina inda nake shuka yakuwa da kuɓewa. Na ɗaga shi sama yadda kyanwa ba za ta kai ba. Kowace safiya in zuba tsakin gero tafi biyu, in koma bakin ƙofa in zauna nesa, don ba sa sauka in mutum na kusa. Ban san biro ba, amma ina da ƙwallon tsamiya cike da tasa. Tsuntsu ya sauka, in ɗauki ɗaya in jefa a cinyata. Wanda ya tashi ya dawo ba ya cin ƙwallo biyu, na san fuskokinsu. Daga na shafa addu'a har rana ta taɓa kan katanga, nan nake tsayawa in ƙirga abin da ke zanena. Talatin da 'yan kai, haka aka saba. Gwara su ne marasa kunya, su fara zuwa da faɗa. Baiwar Allah, 'yar ja ɗin nan da ba ta kai babban yatsa ba, sai ta raɓa ta gefe. Kurciya kuwa ta bari kowa ya gama, ta sauko tana tafiya kamar matar alƙali. Yanzu jikokina suna nuna mini hotunansu a waya, wai ga sunan wannan da Turanci. Nakan ce musu sunan bai dame ni ba, shin ya zo yau ko bai zo ba?

Matar ƙanena ta iso ƙafafunta a kumbure, ba mijinta. A hanya suka rabu, ya koma neman wani yaronsu, abin da ya ce mata kawai shi ne su wuce gidan Adda, zai same su a can. Adda ni ce. Da ta warware ta fara ba da labari, sai ta ce ana gobe za a shigo musu, ko tsuntsu ɗaya bai yi kuka a unguwarsu ba. Shi ke nan maganar ta kama gidan. Kowace safiya sai an leƙo: "Dada, nawa yau?" In na ce talatin da biyu, sai ka ga an sha kunu da natsuwa. Har ɗana, da bokonsa da komai, yakan bugo waya a tambaye ni.

Ni na sani sarai tsuntsu bai san yaƙi ba, cikinsa ya sani da shirwa. Amma na yi shiru, tunda lissafina yana sa su ci abinci. Laifina ke nan, kuma ban ɓoye shi ba.

Baƙon da ba shi da aikin yi, tuwon gida nauyi yake yi masa a wuya. Matar ƙanena ta roƙe ni in bar mata zuba abincin tsuntsayen, na bar mata. Kwana biyar lafiya lau. Ranar Laraba ƙwallo bakwai na ƙirga. Ranar Alhamis huɗu, duka kurciyoyi. 'Yarta ce ta buga wa ɗana waya tana kuka, kafin azahar ga shi da matarsa da direba.

Ya durƙusa ya gaishe ni a tsaitsaye, ya ce, "Dada, a haɗa kaya. Gobe da sassafe mu kama hanya."

Na ce, "A sauka lafiya. Ka gaida mutanen Jalingo."

"Da ke za mu."

"Wa ya faɗa maka?"

Matarsa ta sa baki da muryar nan tata ta lallashi: "Dada, ke da kanki kika ƙirga. Huɗu fa. Daga talatin."

Na ce, "Ashe kin iya lissafi. Ran da na aike ki awon wake ban ga alama ba."

Direba ya yi dariya daga zaure, ɗana ya harare shi. Ya juyo ya ce maƙwabtansa uku sun rufe gida, ogansa ya kai iyali Abuja, shingen sojoji ya ƙaru a hanyar gada, in an rufe hanyar Numan kuma sai dai mu yi iyo. Ya ce ba zai bar uwarsa a baya mutane su zage shi ba.

Na ce, "To zagin ne ya dame ka. Kawunka ƙofa ɗaya ya sani a garin nan. In ya zo da ƙafarsa ya tarar da kwaɗo, ina zai nufa? Jalingo za ka rubuta masa a jikin bango?"

Matar ƙanena ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Ta ce a hankali, "Adda, ni dai na ga abin da na gani. Haka suka yi mana shiru."

A nan na tsaya, don akwai abin da idona ya kama tun Laraba ban gama auna shi ba. Ƙananan ba ƙin zuwa suka yi ba. Sun zo. Gwara ta sauka a bakin kasko, ta karkata kai ta leƙa, ta tashi ta haye katangar maƙwabta. Baiwar Allah ma haka. Ban sa musu ƙwallo ba ne saboda ba su ci ba. Wanda ke gudun bala'i ba ya tsayawa leƙen kwano. Daga inda nake zama kuwa ba a ganin cikin kaskon.

Na dafa bango na miƙe. Matar ɗana ta miƙo hannu, na ce ta riƙe abinta. Na taka har gindin gwaiba, na sauko da kasko, na kawo na dire a gabansu.

Masara ce a ciki. Tsaba, gunduma-gunduma, irin wadda aka raba wa 'yan gudun hijira a buhu.

Na dubi matar ƙanena. Ta dubi kaskon, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Adda. Geron ne na ga ya yi ƙasa, ga mai goyo tana buƙatar kunu. Na ce kada mu zo mu cinye miki gida, tsuntsaye su cinye sauran. Wallahi ban kawo komai a raina ba."

Na ce, "Ke da kika shekara talatin kina kiwon kaji! Kin taɓa ba 'yan tsaki masara ba a farfasa ba? Baiwar Allah da bakinta bai kai tsinke ba, da me za ta haɗiye wannan? Kin hana su abinci da hannunki, kin dawo kina tsoron yunwarsu."

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, 'yarta ta kama ta suka yi tare. Ban hana su ba, tun zuwansu ba su yi mai kyau irin wannan ba. Direba ya ce, "Mama, to lodin ya fasa ke nan?" Na ce ya tambayi wanda ya ɗauko shi.

Ɗana bai yi dariya ba. Ya ce, "Dada, na ji, masara ce. Amma ba masara ce ta kori mutanen Mubi ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma gaya masa gaskiya ya faɗa. Na ce ya kwashe matarsa da 'ya'yansa da mai goyo, wannan haƙƙi ne a kansa, ban riƙe kowa ba. Amma daga yau kada wanda ya ƙara tambayata nawa ne yau, ni ba boka ba ce, tsuntsayena kuma ba sojoji ba ne. In mutanen daji sun tsallako gada za su same ni a inda Allah ya ajiye ni. In ƙanena ne ya riga su, zai sami ƙofa a buɗe da ruwan zafi.

Ya ce gobe bayan asuba mota za ta tsaya a ƙofar gida, in sake tunani. Na ce Allah ya kai mu.

Washegari da na idar da salla na jawo turmi. Na ɗebi masarar nan tafi uku na zuba, na ɗauki taɓarya. Ban yi bugu goma ba matar ƙanena ta fito ba jaka a hannunta, ta karɓe taɓaryar. Ta farfasa, na bakace, na kai na zuba da kaina. Ina zama a bakin ƙofa da tasata sai ga mota, direba ya danna oda. Na aika mai goyon, da ke tsaye da ƙunshinta, ta gaya masa ya sassauta hannu yana korar mini baƙi. Ɗana ya shigo ya tsaya a kaina. Na nuna masa tabarma na ce in zai yi sallama ya zauna ya jira rana ta taɓa katanga, yanzu ina da aiki. Gwara ta sauka, ta leƙa, ta sa baki. Na jefa ƙwallo ɗaya a cinyata.